Belkasim da Jarumtar Mahaifinsa

Shekara ashirin da shida Belkasim Zarruki ya yi yana tuƙa motar kashe gobara a filin jirgin garinsu, can kudancin Tunisiya, bai taɓa kashe ko wutar ashana ba. Jirgi ɗaya ke sauka, ranar Alhamis, shi ma in iska ta yarda. Sauran kwanakin aikinsa goge mota, korar raƙuma daga titin jirgi da jiniya, da dafa shayi mai na'a-na'a a inuwar motar.

Jamusawa ne suka share filin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan 'yan watanni sojan Ingila suka kore su, suka shimfiɗa wa titin jirgin faya-fayan ƙarfe masu huji-huji. Belkasim yana goye a lokacin. Amma tun da tsofaffin Turawa suka fara zuwa duba inda suka yi ƙuruciya, sai ya soma tuna abubuwa. In baƙon Bajamushe ne, zai kai shi bakin wata busasshiyar rijiya ya ce a nan mahaifinsa ya ɓoye matuƙin jirginsu kwana tara, yana zura masa gurasa da dabino a guga. In ɗan Ingila ne, rijiyar ce dai, gugan ne, matuƙin kawai ke sauya ƙasa. Ba don abin hannu yake yi ba. Shi dai yana jin daɗi ya ga dattijo ya cire hula yana share ƙwalla.

Da yaƙin ya cika shekara hamsin, gwamna ya ce a yi bikin sulhu a filin. Manaja, Si Munsif, ya kira Belkasim ofis yana murna.

"Ka yi suna, Belkasim. Baƙi biyu sun rubuto, ɗaya daga Jamus, ɗaya daga Ingila, kowa ya ce sai ɗan jarumin rijiya ya yi jawabi. Kujerunsu kusa da juna."

Belkasim ya ce, "Kusa da juna, ranka ya daɗe?"

"To ai sulhu ne."

Ya fito, ya wuce gidan yayarsa Mabruka, wadda shekararta goma lokacin yaƙin. Ya tarar tana murza kuskus a akushi.

"Yaya, don Allah, Baba bai taɓa ɓoye kowa ba? Ko da na rabin yini?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya ɓoye, mana. Garwar man fetur guda sha ɗaya."

"Ni da gaske nake."

"Ni ma. Kai ka haƙa rijiyarka, sai ka nemi igiya."

Ranar biki aka jera kujeru a titin jirgi. Gwamna ya yi magana mai tsawo, sannan aka miƙa wa Belkasim lasifika, tafinta na gefensa. Ya dubi Bajamushen mai sanda, ya dubi ɗan Ingilan mai jar fuska, dukansu suna masa murmushin sani. Ya gyara jar hularsa ya ce gaskiyar magana, matuƙan biyu ne, kuma tare mahaifinsa ya ɓoye su, rijiya ɗaya, guga ɗaya, suna raba dabino, don haka a garin nan aka fara sulhu tun duniya ba ta farga ba.

Gwamna ya fara tafi. Sai aka ji dariya daga layin mata. Mabruka ce.

"Belkasim, ka ji tsoron Allah. Rijiyar nan bayan an haifi ɗana na biyu aka haƙa ta." Ta juya ga tafinta. "Faɗa musu, ɗana. Babanmu jaki gare shi. Da Jamusawa na nan ya kwashe musu garewanin mai, da waɗancan suka zo ya kwashe musu ƙarfen titi. Bai nuna bambanci ba. Shingen awakina har yau da shi ne."

Tafinta ya dubi gwamna, gwamna ya dubi sama, sai ya fassara. Belkasim ya ji kamar ya shige ƙarƙashin motarsa.

Ɗan Ingilan ya miƙe a hankali. Ya ce shi ne mai kula da kaya a lokacin, kuma saboda ɓacewar faya-fayan nan aka cire masa igiya ɗaya daga kafaɗa. Shekara hamsin yana zargin wani abokinsa, har mutumin ya mutu ba sa magana. Bajamushen kuwa dariya ta hana shi tashi. Da ƙyar ya ce su suna tsammanin zafin rana ke shanye musu mai.

Aka watse ba a rufe taro ba, domin baƙin sun nace sai sun ga shingen. Mabruka ta ba su kuskus da naman rago, ta kuma ƙi sayar musu da faifai ko ɗaya, ta ce awakinta sun saba.

Sati biyu Belkasim bai shiga gidan shayi ba. Da ya koma, ya tarar mutane sun fi girmama mahaifinsa fiye da da, har ana gardamar garwa nawa jakin ke ɗauka a sawu ɗaya. Ya saurara ya saurara, ya kasa haƙuri. Ya ja kujera ya ce shida, kuma shi shaida ne, yana goye a bayan mahaifiyarsa yana kallo.