Ƙarfen da na kafa a bayan ɗakin Madam Ladi

Jama'a, ni mai aikin wuta ne, kuma wallahi abin nan da zan gaya muku a kaina ya faru, shekara bakwai ke nan ko takwas, lokacin ina zaune a Ikara ina bin ƙauyuka ina haɗa wa mutane sola.

Akwai wata nas 'yar kudancin Kaduna, Madam Ladi, da ke da ɗan ɗakin magani a wani ƙauye gaba da Kurmin Kogi. Ni na haɗa mata wutar firjin da take ajiye allurar saran maciji, don can in damina ta faɗi manoma na shan sara. Na sa mata irin birekar nan mai katse wuta da zarar ta ji tana zurarewa ƙasa, na kafa dogon ƙarfe a bayan ɗakin na ɗaura masa wayar ƙasa, ƙarfen da sai da na yi awa guda ina dukansa da guduma kafin ya shige.

Ba a yi sati ba ta kira, wai bireka na faɗuwa. Na je na canza. Ta sake kira, na sake zuwa. Zuwa na uku kam na gaji da hanyar, na gaji da babur, ita kanta ta gaji da ba ni haƙuri. Ta ce, “Oga, don Allah ka taimaka, in firjin nan ya huce aka kawo min wanda maciji ya sara, me zan ce wa iyalinsa?”

Ranar na tafi da babbar na'urar gwajina, wadda ake jona wa a soket. Ina jonawa, ƙas! bireka ta faɗi. Ban damu ba, don mu masu aikin mun san irin na'urorin nan kan zubar da 'yar wuta ƙasa, bireka mai saurin ji sai ta ɗauka matsala ce. Na ɗaga, ta faɗi. Na cire firji, na cire fanka, na cire na'urar ma gaba ɗaya, ta faɗi. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka yi azahar, ban ci komai ba, gumi ya jiƙa min riga, kaina na sarawa.

Ina durƙushe gaban allon wutar sai na ji sallama ta tagar baya. Wani dattijo ne siriri, ya dafa ƙarfen tagar, ƙasa ta ɓata masa hula da gemu kamar wanda ya taso daga noma. Na amsa, muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi gida. Sai ya ce, da murya irin ta wanda ya daɗe bai yi barci ba, “Ɗana, ƙarfen nan da ka kafa, a kafaɗata yake. Duk sanda kuka kunna sai na ji. Na yi haƙuri na gaji.”

Ni kuma don gajiya ko fahimta ban yi ba, na ce, “To Baba, za a duba,” na mai da kai kan wayoyina. Sai da na ɗaure waya ɗaya maganar ta dawo min. Kafaɗa? Na ɗago, ba kowa. Na zaga baya da sauri, kuma bayan ɗakin nan katanga ce ta kewaye shi, ƙofa ɗaya ce, Madam na zaune a bakinta tana tsintar wake. Ta rantse ko akuya ba ta wuce ta gabanta ba.

Innalillahi! Na je na tsaya a kan ƙarfen. Na yi bismillah na kama shi, ai kuwa da hannu ɗaya ya zaro, sumul, kamar an miƙo min shi daga ƙasa. Na kai shi can gefen gaba na kafa, na jona na'ura, na jona firji, bireka ta zauna daram. Madam ta yi ta “Mun gode Allah,” ni ko na shiga tattara kayana.

Kafin in tafi na tambayi mai unguwa ko an taɓa binne wani a wurin. Ya ce shi dai tun tasowarsa gonar dawa ya sani, bai ji daga iyayensa ba.

Na'urar kuwa bayan ranar ba ta sake moruwa ba, duk gidan da na jona ta sai bireka ta faɗi. Na kai wa mai gyara a Zariya, ya kwance ta a gabana, ita da ba a taɓa buɗewa ba tun daga kamfani, sai ga jar ƙasa a ciki, ɗanya, har da laima. Ya dube ni, na ce ya riƙe ta kawai.

Ban san wa na gani ba, kuma na daina son sani. Amma 'yan uwana masu aikin hannu, kafin ku kafa wani abu a ƙasar da ba ku sani ba, ku yi bismillah, ku yi sallama. Ba ku san wanda ya riga ku kwanciya a wurin ba.