Ranar da na gyara wa Malam Bulus lissafinsa

Ban taɓa mantawa da ranar da na gyara wa malamin jami'a lissafinsa ba, ni da karatuna ya tsaya a sakandare. A 1999 ne, makonni kaɗan bayan sojoji sun miƙa mulki. Ina buga takardu a shagon Alhaji Sabo a Gyadi-Gyadi, kasuwa kuwa ta buɗe, kowa takardar taya murna yake aika wa sabon kansila.

Cikin wannan hada-hadar Malam Bulus ya kawo kundin digirinsa na uku. Mutumin Filato ne mazaunin Babban Giji, shekara shida yana fama da bincike kan na'urar da ke sarrafa injinan tura ruwa da kanta. Ƙa'ida ita ce a buga kundin, a ɗinke, a aika wa wani farfesa a wata jami'a ya duba. Ranar Juma'a za a ba direba a tashar Unguwa Uku. In aka kuskure ranar, sai wani zangon karatun.

To ni a ma'aikatar gwamnati na koyi aiki, inda aka horar da mu mu jera komai bi da bi, A kafin B. Da na ga Malam ya rubuta AB a nan, BA a can, sai na ce gajiya ce. Ai biyu sau uku da uku sau biyu duk shida ne. Na bi babi na huɗu kaf na mayar da kowane BA ya koma AB. Inda ya ce a cire BA daga AB ma na hutar da shi, na sa sifiri. Har daɗi nake ji, na yi aikin lada.

Ran Laraba ya zo dubawa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malama Talatu, ina BA ɗina suka shiga?"

Na yi bayani ina hura hanci. Da na ga kallon da Alhaji Sabo ya yi mini, sai na ce yau aikina ya ƙare. Malam kuwa dariya ya yi har da hawaye.

"In za ki yi tuwo, me kike farawa da shi?"

Na ce, "Tafasa ruwa mana."

"To gobe fara tuƙa garin a busasshiyar tukunya, sannan ki kawo ruwa."

"Ai sai maigida ya kwana da yunwa!"

Ya ce haruffansa ba lambobi ba ne. Kowanne jadawalin lambobi ne da ke tsaye a madadin wani aiki na na'ura. A ce A buɗe bututu ne, B kunna inji. Wanda ya kunna kafin ya buɗe, bututu zai fashe masa. Sifirin da na sa kuwa, a nan duk binciken nasa yake.

Alhaji ya ce takardun kansiloli su jira. Kwana biyu ina bin rubutun hannun Malam harafi bayan harafi. Ran Alhamis da la'asar na ga wani layi da ya saɓa wa na samansa: abu ɗaya, sama BA, ƙasa AB. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma fensir na ɗauka na zagaye wurin, na jira shi.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafe kai.

"Wannan kam nawa ne. Da farfesa ya gani, da na sha kunya."

Kundin ya kama mota, Malam ya zama Dakta, sunana kuma yana shafin godiya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, aikinmu ma AB ne, ba BA ba. Tambaya tukuna, sannan gyara. Ni na taɓa juya su, saura ƙiris in fasa wa bawan Allah bututun shekara shida.