Kaka Maharbi da Barewarsa ta Ƙarshe

Zuwa ga Mai Alfarma Shugaban Masu Bin Sawu na gabas da yamma, Alƙalin Alƙalan Kofato, wanda ciyawa ke kai wa rahoto, busasshen ganye kuma ke ba shi shaida ba tare da an rantsar da shi ba. Wato kakana na wajen uba, abokin faɗana, wanda bai taɓa kirana da wani suna ba sai Aku. Akun naka ne ke rubuto maka wannan takarda, kuma a karon farko babu mai katse ni ya ce in taƙaita.

Mu na Allah ne, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga wannan wata, bayan La'asar, ina shagon buga takardu inda nake aiki, ina gyara wa wani takardar neman aiki, sai Baffa, ƙanin mahaifina, ya kira ni a waya ya ce ka cika. Ni da aka sani da mayar da kalma biyu su zama ɗari biyu, na riƙe wayar a kunne har ta mutu, ban ce komai ba.

Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinka fiye da yadda zan iya. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta ce shekara goma tana tarar da cinyar nama a rataye a ƙofarta, ba ta taɓa kama mai ratayewa ba, sai dai ta gane ɗaurin igiyar naka ne. Makanikin bakin titi ya ce kai kaɗai ke wasa masa wuƙa ka kuma haɗa masa da faɗa kyauta. Ni nawa ya bambanta. Akwai abin da ka ɗaure ni da alkawari kada in faɗa muddin kana numfashi, kuma wa'adin alkawarin ya cika ranar Talata.

Shekara arba'in da ɗoriya kana shiga daji, da doka ɗaya da ka kafa wa kanka: dabbar da ka ji wa rauni ba ka barinta ta mutu a ɓoye cikin azaba. Ko ka same ta, ko ba ka koma gida ba. Bara, da sassafe, ka ce in raka ka. Ba ka taɓa gayyatata ba, don haka na ɗauka naɗa ni magaji za a yi, na sa sabuwar hulata shuɗiya domin girmama wannan muƙami.

Rana ba ta gama ɗagowa ba muka hango barewa a gefen wani fili. Ka durƙusa, ka daɗe kana saiti, fiye da yadda na zata gwani zai daɗe. Bindiga ta tashi. Barewar ta yi tsalle, ta ƙudundune bayanta, ta faɗa cikin sarƙaƙiya. Na buɗe baki zan yi jawabin taya murna, sai na ga fuskarka.

"Ban same ta inda na nufa ba," ka ce. "Aku, idona ya daina gaya mini gaskiya. Dabba ina ganinta kamar inuwa, amma ɗigon jini a ƙasa ba na gani. Ba bakinka na zo da shi ba, idonka nake so."

A inda ta tsaya na ga jini a kan ganye. Ka tambaye ni ko ja ne mai kumfa ko mai duhu. Na ce mai duhu ne. Ka ce hanta ce ke nan. Idan an ƙyale ta za ta je ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, idan kuwa an tsorata ta za ta yi nisan da ƙafarka ba ta da shi. Saboda haka muka zauna awa guda cur ba magana, wanda shi ne mafi tsananin hukuncin da aka taɓa yanke mini.

Daga nan muka bi, ni a gaba a sunkuye, kai a baya hannunka a kafaɗata. Ɗigo a kan tsakuwa, ɗigo a kan karyayyen kara, wani lokaci taku ashirin babu komai. Can na hango ta kwance a gindin wata ƙaya, kunnuwanta na motsi. Abin da ya kamata in yi shi ne in matsa hannunka. Abin da na yi shi ne na miƙe tsaye na ce, da muryar mai shela, ga ta can ƙaddara ta riske ta. Kafin in rufe baki ta zabura, ta haye kan wani falalen dutse, ta ɓace.

Ba ka zage ni ba, kuma da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka bi har bakin dutsen, inda na ga ɗigo na ƙarshe. Ka miƙa hannu ka cire hular daga kaina, ka rataye ta a reshen ƙaya daidai saman ɗigon.

"Nan ne ƙarshen abin da muka sani tabbas," ka ce. "Ka zagaya. In ka rasa, kada ka ƙara gaba da zato. Ka dawo wurin hula."

Sau uku ina zagayawa, sau uku ina dawowa hannu wayam. Rana ta take, ruwan gorarmu ya ƙare, ka zauna a kan dutse. Ungulaye biyu suka fara shawagi a sama. Na zo na tsuguna a gabanka na ce, Kaka, mu koma gida, ai babu wanda ya san an yi harbin nan. Ka ce ita ta sani, kai ma ka sani. Sannan ka ce in daina neman jini, in nemi tururuwa, domin su ba sa ɓatan ɗigo.

Na koma ƙarƙashin hular na fara rarrafe. A wani tsagin dutse na ga tururuwa sun yi cincirindo a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Taku biyar gaba, wani cincirindon. A haka, da gwiwoyi, zuriyar tururuwa ta jagoranci babban malamin kalmomi har zuwa wani kwazazzabo, inda muka same ta kwance da sauran numfashi. Wannan karon hannunka na matsa. Ka sauka a hankali, ka dafa wuyanta, ka ce mata ta yi haƙuri, ka ambaci sunan Allah, ka yanka.

Na zata an gama. Ka ce yanzu aka fara, domin a irin wannan zafi idan kayan ciki suka daɗe a ciki naman zai ɓaci, mun kashe ta a banza ke nan. Cikinta har ya fara kumbura. Muka juya ta rigingine, ka ɗan tsaga fatar ƙasan ciki da wuƙarka. Ka miƙo mini ita. Ka zura yatsunka biyu cikin tsagin, ka danne tumbin ƙasa da su, ka ce in sa wuƙar a tsakaninsu, kaifin yana kallon sama, in tura yadda yatsun suka tafi.

"In ka yi ƙasa, ka huda tumbi, nama ya ɓaci. In ka yi gaggawa, yatsuna ne. Zaɓi ya rage naka, Aku."

Daga mara zuwa ƙirji bai fi kamu biyu ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Gumi na shiga idona, ba halin sharewa. Ƙudaje sun taru. Ina jin tumbin na turo bayan yatsunka, ina jin numfashinka a kunnena, kaifin wuƙa kuma yana gogar fatar hannun da ya goya mahaifina. Da muka kai ƙashin ƙirji ka zare yatsunka, ka ɗaga su ka ƙirga mini, biyu cif. Ka lallaɓa ka fitar da mafitsara ba ta fashe ba, muka karkata barewar kayan ciki suka zubo gaba ɗaya, ka tokare ƙirjin da sanda domin iska ta shiga, muka lulluɓe da ɗanyen ganye.

Na saɓa ta a kafaɗa. Da muka zo wucewa ta wurin ƙayar, ka zare hulata ka kafa a kanka, ka ce ladan koyarwa ne. Tun daga ranar ka rataye bindiga. Ka gaya wa mutane gwiwa ce ta hana ka, ni kuma na gaskata ka a gaban kowa. Hular kuwa da ita kake zuwa masallaci da kasuwa, kuma duk sanda na nemi haƙƙina sai ka ce in zo in karɓa ranar da na iya yin shiru na awa ɗaya ba tare da an tilasta ni ba.

Ya Ubangiji, bawanka ne da bai yarda ya bar ko dabba cikin wahala ba, kada Ka bar shi cikin wahala. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka mayar masa da ganinsa fiye da na ƙuruciya, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga kakata, wadda ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana jiran dawowarsa daga daji, da mahaifina, da Baffa, da Gwaggo, da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

A ƙarshe, ina gabatar da ƙoƙon barata ga majalisar magada mai daraja. Na ji Baffa na tattara kayan mamaci, na kuma ji Gwaggo ta ce a haɗa tufafinsa a bayar sadaka ranar Juma'a. Ba na neman bindiga, ba na neman wuƙa, rediyon ma na yafe. Amma shuɗiyar hular da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa ba ta cikin gado, tawa ce, kuma hudar ƙaya a gefenta na hagu ita ce shaidata. Sharaɗin shirun awa ɗaya da ya gindaya na cika shi ranar Talata, har da ƙari, ma'aikatan shagonmu za su tabbatar. A ba ni hulata. Tun da aka kira ni a waya nake ta zagaye ban ga sawu ba, kuma shi da kansa ya nuna mini inda ake komawa.