Ranar da Batirin Laftof Ya Kunyata Ni a Bakin Titi

Har yau in na bi ta bakin titin nan na Keffi mai zuwa Abuja sai na tuna, kuma ba na jin zan taɓa mantawa. Laftof na kan bonet ɗin motar mutumin, ina ta danna maɓalli, ta ƙi tashi. Da na fito daga gida a cike take nunawa. Ina buɗe bidiyon farko, allo ya yi baƙi ƙirin.

Mutumin situdiyo gare shi a Abuja, yana neman mai haɗa bidiyon biki. Yayata ce ta roƙe shi, ya ce zai ratsa ta Keffi daga Lafiya, in tare shi a hanya in nuna masa aikina. Ni kuwa tun da na bar makaranta na taɓa acaɓa, na taɓa tura fim a waya, babu inda na zauna. Wannan aikin ne kaɗai raina ya kwanta da shi.

Yayar tawa ce ta bar min laftof ɗin bayan ta gama karatu. Ta ja min kunne kar in riƙa bari ta mutu kafin in sa caji, in ta kusa cika in zare, kar kuma in ɗora ta a katifa. Na ce to. Amma a majalisarmu ta unguwar Liman Abaji, da an ɗauke wuta ni ne NEPA. Kowa ya miƙo waya in jona masa a jikinta har ta ɗauke, ana ce min Injiniya, ina jin daɗi. In wuta ta dawo sai in jona ta, in tura ƙarƙashin filo saboda yara, ta wuni a nan tana ɗaukar zafi. A gida kullum tana jikin soket, shi ya sa ban san batirin ya gama aiki ba.

Ranar nan dai, da ta ƙi tashi, na ruga shagon wani mai aski da caja a hannu, ya ce janaretonsa babu mai. Da na dawo, mutumin ya riga ya zauna a mota. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

“Ƙanena,” ya ce, “a wurin biki amarya ba ta jiran caji.”

Ya ce zai kira. Bai kira ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yanzu na gane abin da kake cin abinci da shi kullum ake lallaɓa shi, ba sai ranar da za a gwada ka ba.

Na daɗe a zaune a kan kwalbati kafin na iya tura wa yayata saƙo:

“Yaya, ya zo, ya tsaya, har ya jira ni. Bai ga komai ba. Don Allah kar ki sake kiransa saboda ni.”