Kwano Biyu a Gidan Dada

Hapsatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin titi a Jambutu ina jiran keke zuwa ofis. Maƙwabciyarsu ce ta kira. Wai jiya da yamma numfashi ya gagare ta, aka kai ta asibiti, kafin kiran assalatu rai ya yi halinsa. Mai keke ya tsaya yana tambayata ina za ni, na ɗaga masa hannu ya wuce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai ta makwancinta bayan azahar. Yanzu na shigo gida, ko mayafi ban cire ba. Wallahi na gaji. Na gaji da zuwa gaisuwa, na gaji da rubuta irin wannan a kan waɗanda na girma. Amma akwai abin da na gani yau a gidansu, dole in faɗa muku.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tare muke aiki a ƙaramin bankin da ke ba mata rance a ƙauyukan Girei da Ngurore. Adda take kirana, wato yaya. 'Yar Mubi ce. Shekarar da rikici ya sa aka gudu daga can suka iso Jimeta ita da mahaifiyarta, Dada, ƙafafunsu duk sun kumbura. Su uku suka baro gida. A hanya yayanta Buba ya tuna an bar awaki a ɗaure, ya ce su yi gaba, zai koma ya kwance su kar ƙishi ya kashe su, zai cim musu.

Har yau bai cim musu ba. Babu gawa, babu labari.

Tun daga lokacin, duk tuwon dare da aka kwashe a gidan sai an zuba na Buba a wani kwanon samira mai murfi, a ajiye kusa da ƙofa. Ba mai taɓawa. Kun san zafin Yola, kafin gari ya waye miya ta yi tsami. Hapsatu ce ke zubarwa ta wanke kwanon kafin ta fito aiki. Dada ta hana a ce masa marigayi, ta hana a yi masa sadaka. Wani kawunsu da ya kawo maganar a yi masa salla ko babu gawa, ta daina amsa gaisuwarsa.

Abin nan ya ci Hapsatu fiye da yadda take nunawa.

Da ta samu damar zuwa aikin sa kai a Kambodiya, da wata ƙungiya mai ba manoman karkara rance irin namu, dariya muka yi ta yi mata a ofis. Na ce, "Ina ne kuma nan? Gaba da Garwa ne?" Ta ce gaba kaɗan. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Adda, ki riƙa leƙa mini Dada. Amma don Allah kar ki ce komai a kan kwanon."

Na leƙa, ban ce komai ba.

Saƙonninta na murya suna nan a wayata, yau ban iya buɗe ko ɗaya ba. Kullum ƙorafi. Shinkafa safe, rana, dare. Wani kifi da suke ruɓarwa su sa a miya, wai daddawa ba ta kama ƙafarsa ba. Gidaje a kan dogayen ƙafafu, laka har gwiwa, ita a bayan mashin tana salati. Amma ta so mutanen, Khmer ake ce musu. Ta ce a can ba ka isa ka buɗe jaka ba sai ka cire takalmi, ka zauna a ƙarƙashin gida, ka tambayi lafiyar gona da saniya. Da ta dawo haka ta koma yi a ƙauyen Vinikilang, har muka sa mata suna Hajiya Kambodiya. Mitin ɗinta ya fi na kowa daɗewa, kuma nata matan suka fi cika alkawarin biya.

Wata rana tana can ta kira ni.

Ta je wani ƙauye mitin, ita da abokin aikinta ɗan ƙasar mai yi mata tafinta, suka tarar ba kowa. Ashe lokacin wani biki ne nasu. Sai wata tsohuwa cikin masu karɓar rance, mai kiwon agwagi, tana zaune tana zuba shinkafa da kifi a kwanuka uku. Hapsatu da son hira ta ce a tambaye ta, baƙi za ta yi ne? Tsohuwa ta ce na mijinta ne da 'ya'yanta biyu. Hapsatu ta ce madalla, yaushe za su iso?

Tafinta bai so ya fassara amsar ba. Tsohuwar ce ta matsa masa.

Ta ce an tafi da su lokacin yaƙin ƙasarsu, tun ba a haifi Hapsatu ba. Ba wanda ya dawo, ba ta san inda aka rufe su ba. Ta ce, "Na daɗe ina ajiye musu a gida yana lalacewa. Yanzu ina kaiwa inda za a ci, a ambaci sunansu."

Hapsatu ta ce nan take ta tuna da kwanon Buba. Ta zauna a ƙasa tana kuka a gaban wadda ta zo yi wa mitin, tsohuwa tana bubbuga mata baya, ba mai jin yaren wani. Daga baya ta taya ta ɗaukar kwanukan har ƙofar wurin ibadarsu, ta tsaya a waje.

"Adda," ta ce da ni, "addininsu nasu ne, na sani. Amma mu ma ai muna da sadaka. Ko yana raye ko ya rasu, ladan zai same shi. Ba sai Dada ta ce ya mutu ba. Ta dai bari wani ya ci tuwon nan."

Da wannan ta dawo. Tsarabar da ta kawo mini wani gyale ne mai ɗigon ja da fari, shi ne a wuyana yanzu haka. Tsarabar Dada kuwa labarin tsohuwar nan.

Dada ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ita nata sun mutu. Nawa yana hanya."

Hapsatu ba ta fasa ba. Ta gwada da lallashi, ta gwada da azumi, ta kawo malama daga Islamiyya. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Ni da nake da zafin kai na ce mata ta ɗauke kwanon kawai ta ɓoye. Ta kalle ni ta ce, "In na ɗauke, ni na kashe shi a wurinta."

Haka take. Da gwiwata ta matsa mini bara, ita ta karɓi ƙauyukana na Ngurore ta haɗa da nata, ba ta gaya wa oga ba. Da maigidana ya kwanta asibiti, yarana a ɗakinta suka yi ta kwana. In ka yi mata godiya sai ta ce ka bari, kana sa ta jin yunwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ne, muna dawowa daga Vinikilang, cunkoso ya tsayar da mu a kan gada. Ta jingina kai da ƙarfen keke tana kallon ruwa. Na ga ta rame, na ce ta je a duba ta. Ta ce za ta je. Can ta ce, "Na gaji, Adda. Ba aikin ba fa. Kwanon nan. Kullum da safe ni ke buɗewa."

Na ce Allah zai kawo ƙarshensa. Abin da na iya faɗa kenan.

To yau, bayan la'asar, maƙwabta sun kawo abinci gidan makoki. Matan Vinikilang sun zo su da yawa, suna zaune a tsakar gida tun safe, ba abin da suka sa a baki, suna shirin tafiya kafin duhu. Dada tana zaune a gefe tun da aka fita da gawa. Sai kawai ta miƙe, ta je bakin ƙofa ta ɗauko kwanon samirar. Tuwon jiya yana ciki, ba wanda ya wanke. Da kanta ta zubar, ta wanke, ta ɗauko wani kwanon, ta cika su duka biyu.

Ta ce, "Jummai, zo."

Na je.

"Kai wa matan nan, ki ce sadaka ce. Wannan na Hapsatu." Ta daɗe riƙe da ɗayan kafin ta sake shi. "Wannan na Buba. Ita ta samu masu yi mata salla. Shi ko mutum ɗaya bai samu ba. Gobe a kira mini liman."

Na juya zan tafi, ta ƙara da cewa, "Ki bar musu kwanon samirar. Kar a dawo da shi."

Na kai. Na tsaya ina kallo suka cinye tas, suna sa albarka, suna kiran sunayen biyu. Shekara da shekaru yarinyar nan tana roƙon wannan, sai ranar da ba ta nan aka yi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Ya Allah ka jiƙan Hapsatu, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka hutar da ita hutun da ba ta samu a nan ba. Ka jiƙan Buba a duk inda yake kwance. Ka ba Dada haƙuri, yau ita kaɗai ta rage.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a. Ku ambaci sunayen biyu.