Sallama a Ƙofar Kango

Jama'a, wannan abin a kaina ya faru, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Shekara shida ke nan, lokacin ina kabu-kabu tsakanin Gummi da Bukkuyum, ciwon fim ya kama ni kamun da ko fasinja na ɗauko sai na yi ta yi masa muryar mugun attajiri har mu isa, wani ya yi dariya, wani ya ce in sauke shi nan.

Akwai wani darakta a Kano da na dama da kira, rannan dai ya gaji ya ce in haɗa masa bidiyo na minti uku, in nuna dariya da fushi da ban tausayi, in turo kafin Juma'a, in ya yi masa zai sa ni a fim. Abokina Sanusi mai tura finafinai a waya shi ya zama mai ɗauka. Dariya da fushi ba su ba mu wuya ba, fushin ma na gaske ne, don Sanusi ya ɗauki rabin wasan da yatsansa a kan kyamara. Ban tausayin ne ya gagara. Har albasa na murza a ido, ya ce na fi kama da wanda kunama ta harba.

Ranar Laraba da hantsi muna kan hanyar Adabka muka hango wani kango, ɗakunan duk sun rufta, ciyawa har gwiwa, zaure kaɗai ke tsaye. Sanusi ya ce ga wuri, in fito a ɗan da ya tafi haƙar zinari ya shekara goma bai leƙo gida ba. Na laƙa wa kaina suna Lawali, haka kawai ya zo mini, na tsaya bakin zauren na ce, "Salamu alaikum, Inna, ni ne Lawali, na komo." Na ɗaya bai yi ba, na biyu na fashe da dariya, a na uku kuwa sai ƙamshin miyar kuka da daddawa ya buge ni, kamar yanzu aka sauke tukunya, ban san lokacin da hawaye suka ɓalle mini ba. Sanusi har tsalle yake yana cewa shi ke nan, Kano ta kira.

Da muka koma shagonsa muka kunna a lasifika, bayan sallama ta uku sai ga muryar tsohuwa, kusa-kusa, tana cewa, "Lawali, ka komo? Shigo ɗana, rana ta yi zahi." Innalillahi! Mu biyu ne a wurin, ko akuya babu. Sanusi ya ce mu yanke wurin, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba na yankewa, ga Juma'a ta matso kuma nan ne kaɗai na yi abin kirki. Na tura.

Washegari darakta ya kira da kansa, ya ce in zo Litinin, kuma in taho da tsohuwar nan, muryarta kaɗai ta sa matarsa kuka. Na ce ranka ya daɗe, ba ta tafiya.

Don alfahari na kunna wa Innata, na ba ta labari. Ta ajiye zogalen da take tsinka, ba ta tambayi ko wace ce ba, ta ce, "Kai ka yi sallama, an amsa maka, ka juya babu bankwana? Ko gidan wa ne ba a haka. Ba ka zuwa Kano sai ka koma."

Ranar Lahadi muka koma, Sanusi ya ƙi sauka daga mashin, ko kashe shi bai yi ba. Na kunna rikoda a aljihu, na ce, "Inna, za ni Kano neman abinci, a sa mini albarka." Ban ji komai ba sai kukan kurciya. Sai da motarmu ta wuce Gusau na samu ƙarfin halin saurare. Ga ta nan, a hankali: "Allah shi kiyaye hanya. Amma kak ka daɗe wanga karon."

Fim dai na samu, mai gadi na fito, magana biyu na yi, an kuma yi kallona a Gummi har da tafi. Amma hanyar nan ban sake bin ta ba, shekara shida, kuma ina sane da ana jirana. Ko gidanmu na zo hutun Salla na yi sallama aka amsa, ba na shiga sai na ga fuskar Innata da idona.

'Yan'uwa masu neman shiga fim, ku yi wasanku a kasuwa ko a tasha. Kada ku yi sallama a ƙofar da ba ku shirya a amsa muku ba.