Malam Isiyaku da Taɓon 'Ya'yan Gaiwa

Ranar Talata aka bugo mini waya nan Doha cewa 'yata Hauwa ta haifi namiji, jikana na fari. Na raba dabino a masaukinmu na Umm Salal, har direbobi suna yi mini tsiya wai tsoho ya zauce. Ranar Alhamis, ina layin sauke yashi a West Bay, wayar ta sake ƙara. Malam Isiyaku, uban mijin Hauwa, ya rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masunci ne, kuma tare muka girma a bakin kogin garinmu. Shi ya fara nuna mini inda 'ya'yan gaiwa suke kwanciya. Ya kama hannuna ya cusa cikin taɓo mai laushi, ƙarƙashin saiwar bado, ya ce, “Ka ji sanyin nan? A nan suke. Ba sa zama kan farin yashi, don babu wurin ɓuya.” Idan ƙaramar gaiwa ta shiga komarsa, da hannu biyu yake mayar da ita ruwa.

Da na shiga makarantar yaƙi da jahilci da furfurata, ya yi mini dariya, amma shi ya saya mini littafin rubutu. Ya ce, “Malam Boko, tunda ka iya, rubuta.” Ya riƙa faɗar kowane lungu na kogin da 'ya'yan gaiwa suke kwanciya, ina rubutawa: gindin giginya, bayan tsohuwar mashaya, kwanar da ruwa yake lafawa.

Shekara uku ke nan masu tifa suna neman a ba su wannan kwanar su haƙi yashi. Duk zaman da aka yi a ƙofar mai gari, shi kaɗai yake tashi ya ce a'a. Ya taɓa ce mini a waya, “Kai kana can kana kai wa Larabawa yashi, kada abokan sana'arka su kwashe mana kogi.” Na yi dariya a lokacin. Yanzu ba na yi.

Tsoro nake ji. An ce bayan sadakar bakwai za a sake zama, kuma ban san wanda zai tashi ba. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki nan, ya hana ni izinin tafiya gida. Abin da na iya shi ne na kwafe shafukan littafin nan da hannuna, na ba wani mai komawa gida, a karanta a gaban mai gari da sunan marigayi. Ko za a saurari takarda kamar yadda aka saurari mutum, Allah ne masani.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Ya ba matarsa Inna Rabi da 'ya'yanta haƙurin rashinsa. Jaririn kuwa an ce sunansa za a sa masa. Allah Ya raya shi, Ya sa ya tarar da taɓon nan yadda kakansa ya bar shi.